Uban Amarya Yana Sama

Tun da aka sa ranar auren Ibtisam, mahaifiyarta Ruqaya ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Tana cikin tankaɗe za ta tuna ba a karɓo gawayi ba. Tana hanyar mai gawayi za ta tuna ba a aika wa 'yan'uwan da ke garin Kamlin ba. Maƙwabciyarta Dije takan leƙo ta kan katanga ta ce, "Ke Ruqaya, auren nan fa ba a kanki aka fara ba. Zauna ki numfasa." Sai ta ce to, ta zauna a bakin gado, kafin Dije ta sauke kai ta sake miƙewa.

Ƙauyensu, Hillat Mati, na Hausawa ne, a bakin babbar tur'a, wato magudanar ban-ruwa, yamma da Hasahisa, inda kusan kowane gida ke da hawasharsa, wato gonarsa ta alkama da gyaɗa. Mijinta Yahya a masaƙar Hasahisa ya yi aiki har injunan suka yi shiru. Daga nan sunansa ya fito a ƙuri'ar zuwa Amurka, ya tafi da niyyar share musu wuri su biyo shi. Wurin bai sharu ba. Yau takardu, gobe tsohuwarsa ba lafiya, jibi wa zai kula da hawasha. Shekara takwas ke nan yana birnin New York yana rarraba burodi a mota, sau ɗaya tak ya leƙo gida, lokacin Ibtisam ba ta gama sakandare ba. Duk sanda Ruqaya ta yi masa ƙorafin nisa a waya, amsarsa ɗaya ce.

"Wane nisa kuma? Kwana ɗaya ne tsakaninmu. In na hau yau, gobe ina cin gurasar kisrarki."

Yanzu Ibtisam ta gama karatun jinya a Madani, ta kuma kawo miji da kanta: Sharfuddeen, ɗan Hausawan Damazin, mai tuƙa manyan injuna a wurin aikin madatsar ruwa ta Roseires. Aka bari hayaniyar zaɓen shekarar dubu biyu da goma ta lafa, aka tsayar da ɗaurin aure ranar Litinin bayan La'asar. Talata da safe za a ɗauki amarya zuwa Damazin, don Laraba ango zai koma bakin aiki.

Yahya hutu kaɗan ya samu, shi ya sa ya matse tafiyar. Ya faɗa mata dalla-dalla har ta haddace: daren Alhamis zai tashi daga New York, ya tsallake teku a awa takwas ya sauka Jamus, ya canza jirgi, wata awa shida ya sauka Khartoum. Asabar da hantsi yana tsakar gida. Ruqaya ta sa aka shafe ɗakinsa da farar ƙasa, ta wanke jallabiyoyinsa da suka daɗe a akwati, ta turara su da bakhur ta rataye.

Juma'a da sassafe tana hura wuta wayar ta yi ƙara. Ta ga lambarsa, ta ɗauka da sauri, don a lissafinta ya kamata a ce yana sama.

"Malam, kai ne? Har ka sauka?"

"Ban ma tashi ba, Ruqaya. Ga mu nan zube a filin jirgi. An soke tafiyar."

"An soke? Mi ya faru? Takardu ne?"

"Ba takardu ba ne. Wani dutse ne ya yi aman wuta."

Ruqaya ta cire wayar daga kunne ta dube ta, ta mayar. "Dutse? A New York ɗin?"

"A'a, can wani tsibiri a arewa, tsakiyar teku. Tokarsa ta cika sararin ƙasashen Turai. Sun ce in jirgi ya shiga cikinta injinsa mutuwa zai yi. Duk sun rufe."

"To ina ruwanka da tsibirin? Can za ka?"

"Hanyar ce ta bi ta can. Ki kwantar da hankalinki, sun ce ƙila gobe iska ta kore ta."

Ta ajiye wayar, wutar da ta hura ta mutu ba ta lura ba. Ta yafa tobinta ta nufi shagon Alhaji Gambo, yayan Yahya, wanda shi ne babba a dangi kuma shi ke da talabijin mai tauraro. Ta tarar da maza sun yi cincirindo suna jiran labarin ƙidayar ƙuri'u. Ta tsaya daga bakin ƙofa har aka nuno abin: hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi daga cikin ƙanƙara kamar an cinna wa duniya wuta, sannan aka nuno Turawa kwance a ƙasa sun yi matashi da jakunkuna. Ta zuba ido ko za ta hango Yahya a cikinsu.

Alhaji Gambo ya fito ya same ta. "Uwar amarya, kin gani da idonki ko? Ikon Allah. Mutum na nasa, Allah na nashi."

"Yaya, yanzu ya za a yi?"

"Yau Juma'a. Kafin Litinin ai da sauran magana. Je ki ci gaba da hidimarki."

Ta ci gaba, amma rabin hankalinta na kan iska. Ita da ba ta taɓa damuwa da inda iska ta nufa ba sai lokacin sheƙar alkama, yanzu ko ganyen darbejiya ya motsa sai ta ɗaga kai. Asabar ta zo, Yahya ya kira ya ce ba a buɗe ba. Ya kwana a kan kujera, ya ce, don in ya koma gida wani zai shige gabansa a layi. A ranar kuma motar mutanen Damazin ta iso, hafla guda maƙil da mata da tsofaffi da akwatuna, aka sauke su a gidan Dije da gidaje biyu na kusa. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru. Bijimin da za a yanka yana ɗaure a gindin bishiya yana kuka da zafin rana. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta tambaya, "Uban amarya ya iso?" Ruqaya ta ce yana hanya, ta ce yana hanya, har kalmar ta fara yi mata ɗaci a baki.

Wata tsohuwa daga cikin baƙin, tana gyara goro a bakinta, ta ce ba da kowa ba, "Ai rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya." Ruqaya ta yi kamar ba ta ji ba, ta shige ɗakin amarya.

Ibtisam na kwance a kan gado, ƙafafu da hannaye a miƙe, mai lalle ta gama zana mata ke nan. Ɗakin ya cika da ƙamshin turaren itace. Da yake ɗiyar fari ce, Ruqaya ba ta kiran sunanta.

"Ke, kin ci wani abu?"

"Yumma, ya kira?"

"Ya kira. Yana nan lafiya. Gobe in sha Allah."

"Jiya ma gobe kika ce." Ibtisam ta tashi zaune a hankali don kada lallen ya goge. "Ni dai na faɗa miki tun yanzu. Ba za a ɗaura ba sai yana nan."

"Ki rufa mini asiri. Mutane sun taso tun daga Damazin."

"Da na ci jarrabawa ba ya nan. Da aka ba mu takardar gama makaranta, Baffa Gambo ne ya tsaya a hoto. Shi ya ce da bakinsa wannan karon ko ana ha-maza-ha-mata zai zo. To ni zan jira shi." Sauran maganar ta ƙarasa ta da Larabci, da sauri, kamar yadda takan yi in ranta ya ɓaci, hawaye na gangarowa ba halin sharewa. Ruqaya ta sa gefen tobinta ta share mata, ta fita. Ita ma abin da ke cikinta ke nan.

Lahadi da rana Alhaji Gambo ya shigo gidan da kansa, ya zauna a inuwa ya yi gyaran murya. Ya ce ya yi magana da dattawan Damazin. Mutane sun bar gonakinsu da shagunansu, mai hafla yana da wani alkawari ranar Laraba, ango kuma ba shi da ikon ƙara ko yini ɗaya a hutunsa. Sa ba zai yi ta tsayuwa a rana ba. Shari'a ta yarda uba ya wakilta, shi kuma ga shi, uwa ɗaya uba ɗaya da Yahya.

"Yaya, yarinyar ta ce ba ta yarda ba."

"Yarinya ce. Ke za ki nuna mata. Tokar nan wa ya san ranar wucewarta? A talabijin sun ce dutsen can ya taɓa yin shekara yana amai."

Da ya fita, Ruqaya ta zaga bayan ɗaki inda ba kowa, ta kira Yahya. Muryarsa ta fito a dishe, bayansa ana ta sanarwa da Turanci.

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Ruqaya. Ina ta bin tagogi. Duk jirgin da ba ya bi ta Turai ya cika."

"Kai ne kake ce mini kwana ɗaya ne tsakaninmu."

"Haka ne mana, in hanya na buɗe..."

"Shekara takwas hanya na buɗe, Malam! Wace toka ce ta tare ka bara? Wace ce ta tare ka bara waccan? Da ka taho tun makon jiya kamar yadda iyayen mutane ke yi, da dutsen ya yi ta amansa ba ruwanmu. Ka tsaya sai ranar ƙarshe, kamar mai zuwa kasuwar Hasahisa. Ni ce nake tsaye gaban mutane ina cewa yana hanya, yana hanya. Ɗiyarka ta ƙi cin abinci."

Can ya ce, "Kin yi gaskiya." Ita kuma ta tanadi amsar duk wata hujja da zai kawo, ga shi bai kawo ko ɗaya ba. Ta jingina da bango, gumi na bin bayanta.

"Ka ci abinci kuwa?" ta ce daga ƙarshe.

"Na ci biskit."

Bayan La'asar ya sake kira, wannan karon muryarsa da rai. Wani ya fasa tafiya, ya samu kujera a jirgin da zai miƙe kai tsaye zuwa Dubai, daga can ya nemi na Khartoum. Ruqaya ba ta gane ba. Dubai ai gaba take da su, ta wajen Makka. Me zai kai shi can? Ta aika a kira mata Sharfuddeen.

Angon ya shigo ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa. Ta faɗa masa abin da surukinsa ya ce, ta tambaye shi ko hakan na nufin zai iso. Sharfuddeen ya ɗauki tsinke ya yi ɗigo a ƙasa.

"Inna, nan ne New York. Duk wannan filin teku ne, ba wurin sauka." Ya ja layi mai tsawo, ya lanƙwasa shi. "Da ta nan sama zai bi ya sauka Jamus, to nan tokar take. Yanzu zai bi ta ƙasanta, ya wuce mu, ya sauka nan Dubai. Sannan ya dawo baya zuwa Khartoum."

"Ya wuce mu? Ya ga gida ya wuce?"

"Ba tsayawa yake ba, Inna. Ba kamar hafla ba ce."

"Awa nawa?"

"Kamar sha uku, ƙila ya ɗara saboda zagayen. In ya tashi da darensu, mu nan asubar Litinin ke nan. Zai sauka Dubai wajen Magariba."

Ruqaya ta dubi layin da ke ƙasa, ta lissafa da kanta. "Ke nan lokacin ɗaurin aure..."

"Yana sama, Inna." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ni in don ta ni ne, a ɗaga. Aiki in ya tafi wani zai zo. Amma tsofaffin da suka rako ni, ban san yadda zan ce musu ba."

Ta dube shi da kyau a karo na farko tun da ya fara zuwa gidan. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Je ka."

Da asubar Litinin, ana fitowa daga masallaci, wayar ta yi ƙara. Ruqaya ta riga ta kira Alhaji Gambo da liman da wani dattijo daga Damazin, suna zaune a tabarma a tsakar gida. Aka buɗe muryar wayar kowa na ji. Yahya ya ce yana bakin ƙofar jirgi, an fara shiga. Ya ce ya wakilta yayansa Gambo ya aurar da ɗiyarsa Ibtisam ga Sharfuddeen, shaidu su shaida. Suka ce sun shaida. Sannan ya ce a kai wa yarinyar.

Ruqaya ta kai mata ɗaki, ta tsaya a bakin labule. Ba ta jin abin da yake cewa, sai dai ta ga Ibtisam ta riƙe wayar da hannu biyu, tana girgiza kai, daga baya ta daina girgizawa.

"Yaba, to na ji," ta ce. "A ɗaura. Amma wallahi ba zan bar garin nan ba sai na gan ka da idona." Ta saurara. "Ka yi alkawari?" Ta sake saurarawa, sannan ta miƙa wa uwarta wayar. Ruqaya ta kara a kunne, ta ji ya riga ya kashe.

Wannan yini bai yi mata sauƙi ba. Aka yanka sa, mata suka jeru a kan faranten gashin kisra, tukwane na tafasa, yara na ta kai da kawowa da tirori. Ruqaya na cikinsu amma ba ta tare da su. Ta zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya, Dije ta ƙwace ludayin ta kore ta daga madafa. Ta koma ta kira lambar Yahya ko da ta san ba za ta shiga ba. Wata mata ta yi mata magana da Turanci, ta kashe. Can ta sake kira. Ta tambayi kanta, mutum yana zaune tun asuba a kujera ɗaya, ƙarƙashinsa ruwa, ina yake fuskanta in zai yi salla? In injin ya gaji fa? In iskar ta juyo da tokar ta tare su a tsakiyar teku, ina za su raɓa? Kakanta ya taho daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, ya yi shekaru a hanya, amma shi ko ba komai ƙasa na ƙarƙashinsa, in ya gaji ya zauna. Ta yi ta ɗaga kai tana duban sama. Ba komai sai farin zafi da shirwa guda tana shawagi a kan inda aka yi yanka.

Bayan La'asar maza suka cika rumfa. Daga cikin gida ana jiyo muryar liman sama-sama, sannan ta Alhaji Gambo, sannan aka ce Fatiha. Mata suka ɗauki guɗa, aka yi ta watsa dabino da alewa, Dije ta rungume ta tana cewa mabruk, mabruk. Ruqaya ta amsa, ta yi murmushi, wayar na damƙe a hannunta cikin tobi. Aka yi Magariba bai kira ba. Ta idar da salla ta zauna a kan abin sallar, ta tasa wayar a gaba. Sai da aka fara kiran Isha wayar ta motsa.

"An ɗaura?" Ko sallama bai yi ba.

"An ɗaura. Ka sauka?"

"Na sauka. Ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba. "Ina ta duban agogo a sama. Da na ga La'asarku ta yi, sai na karanta Fatiha ni kaɗai. Wanda ke kusa da ni ya ɗauka tsoro nake ji."

Jirgin Khartoum sai da safe, ya ce, zai sauka wajen Azahar. Ta ce za ta tura Khalid, ɗan Alhaji Gambo, da farar motarsa ya ɗauko shi.

Talata da hantsi rigima ta tashi. An ɗaure kayan amarya a saman hafla, baƙi sun shirya, direban ya ce shi fa tafiya zai yi. Damazin ba nan kusa ba ce, ga hanyar bayan Sinja duk ramuka, ba zai yi tuƙin dare da tsofaffi a mota ba. Ibtisam kuwa ta zauna a tsakiyar gado cikin jan tobinta ta ce ko ƙofar ɗaki ba za ta taka ba. Tsofaffin Damazin suka fara gunaguni. Alhaji Gambo ya ɗaga murya, ya ce yanzu ita matar mutane ce, ba ta da ta cewa.

Ruqaya ta fito tsakar gida ta tsaya gaban direban. "Ɗana, in ka tashi daga nan ta ina za ka hau kwalta?"

"Ta Hasahisa mana, Hajiya."

"Wanda ya taho daga Khartoum fa, ta ina zai ɓullo?"

"Ta nan ɗin dai."

"To mu je can. Ka ga ka rage hanya, shi ma mun rage masa. A bakin kwalta za mu jira."

Direban ya sosa ƙeya ya ce ya yarda, amma in rana ta karkata shi ba ruwansa. Ruqaya ta shiga ta faɗa wa Ibtisam. Aka fito da amarya da guɗa da kuka, Ruqaya ta shiga motar ita ma, da silifas ɗin aiki a ƙafarta.

A bakin kwalta suka tsaya kusa da wata mai shayi, ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Aka yi Azahar a nan. Khalid ya kira Sharfuddeen ya ce jirgi ya sauka, suna jiran kaya. Ya sake kira ya ce akwati ɗaya bai fito ba. Ruqaya ta ƙwace wayar daga hannun Sharfuddeen ta ce, "Ku bar akwatin! Ku taho!" Zafi ya tsananta, jarirai suka fara kuka, tsohuwar nan mai goro ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa ganin an shanya amarya a bakin titi ba. Ruqaya ta kasa zama. Ta je bakin kwalta ta sa hannu a goshi, ta dawo, ta koma. Duk farar motar da ta ɓullo daga arewa cikin rawar zafi sai ta matsa gaba, motar ta zo ta wuce da ƙugi.

Da inuwa ta fara tsawo direban ya shiga ya tayar da inji, ya danna oda. "Khalas, Hajiya, na yi iya yina!"

Ruqaya ta baro bakin kwalta. Ta je ta zauna a kan matakalar ƙofar motar, ƙafafunta a ƙasa, ta gyara tobi. In zai tafi sai dai ya ja da ita. Direban ya dubi Sharfuddeen, Sharfuddeen ya kau da kai yana duban gonaki. Mai shayi ta tuntsire da dariya ta ce, "Kashe motarka, ya zol, zo ka sha gahawa, ga jabana a wuta."

Khalid ya kira ya ce sun wuce Kamlin. Daga nan kowa ya zuba wa titi ido.

Da motar Khalid ta tsaya a ɗaya gefen titi, Ruqaya ba ta gane mutumin da ya fito ba sai da ya fara tafiya. Ya yi furfura, ya yi ƙiba, yana sanye da wata rigar sanyi mai nauyi a cikin wannan zafin, ya take bayan takalmansa yana jan su. Ya tsallako bai ko duba mota ba. Kafin ya iso Ibtisam ta ture matan da ke riƙe da ita, ta tsallake uwarta a matakala, ta ruga da tobi na jan ƙasa.

Yahya ya tsaya cak. Ya bar yarinya mai kayan makaranta, ga mace tsaye gabansa da lalle har gwiwar hannu da zinariya a goshi. Ita ce ta faɗa jikinsa tana cewa Yaba, Yaba, yana dafa kanta yana cewa, "Na zo. Ga ni, na zo." Matan cikin hafla suka saki guɗa, har tsohuwa mai goro, wadda ta fi kowa ɗaga murya. Sharfuddeen ya zo ya durƙusa, Yahya ya ɗaga shi ya riƙe hannunsa ya daɗe yana kallonsa, ya haɗa da na Ibtisam ya yi musu addu'a a nan bakin titi, manyan motoci na wucewa suna watsa musu iska mai zafi.

Sai a lokacin ya juyo ya ga Ruqaya, har yanzu tana zaune a matakala.

"Sannu, Ruqaya."

"Sannu da hanya, Malam. Cire rigar nan kada ka suma."

Direban ya sake danna oda, a hankali wannan karon. Ibtisam ta ƙanƙame hannun ubanta. Yahya ya dubi motar Khalid da za ta kai shi gida, ya dubi hafla.

"Direba, akwai wuri?"

"Baffa, kwana nawa kana zaune a kujera!" in ji Khalid. "Damazin fa sai dare."

"Ban kai ta ɗaurin aure ba, zan kai ta ɗakinta. Kai wuce da kayan gida."

Aka matsa masa a kujerar bayan direba. Ruqaya ta miƙe don ta ba da hanya a rufe ƙofa. Ta tsaya a ƙasa, ta dubi hanyar ƙauye inda gida ke cike da baƙi da tukwanen da ba a wanke ba, ta dubi silifas ɗin ƙafarta. Uwar amarya ba ta rakiya, kowa ya san wannan. Yaron mota ya kama ƙofa zai ja, sai ta sa hannu ta tare, ta hau, ta ce wa matar da ke kusa da Yahya ta ɗan gusa.

Ba su kai Madani ba barci ya kwashe shi, kansa ya langaɓe a kafaɗarta, bakinsa a buɗe. Ibtisam daga kujerar baya ta miƙo hannu tana riƙe da gefen rigarsa. Wayar Ruqaya ta yi ƙara, Dije ce.

"Ke ina kika shiga? Mutanen Kamlin na nemanki za su yi sallama!"

"Ki sallame su, ki ba su naman da ya rage," Ruqaya ta ce ƙasa-ƙasa don kada ta tashe shi. "Ina hanyar Damazin. Sai jibi."

Ta kashe wayar, ta taɓa kafaɗar direban ta ce ya bi ramukan nan a hankali.